Albasa da jarumta

Laraba da dare, Shara Mansur, Makka.

Yau Auta ya hana ni baccin rana. Ina kwanciya ya shigo da littafin Ƙudurat, jarrabawar gwada hazaƙa da ake yi a Saudiyya, ya dire min a kan cinya: "Yaya, yi min tambaya." Burinsa bai wuce Kwalejin Soja ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad ba, kuma makin wannan jarrabawa da cibiyar jarrabawa ta Ƙiyas ke shiryawa yana cikin abin da ake dubawa. Lissafi ba ya ba shi tsoro. Ɓangaren kalmomi ne ke kayar da shi, don Larabcin bakinsa na kasuwa ne da filin ƙwallo, na jarrabawa kuwa na littafi ne.

Na fara da basala. Ko numfashi bai ja ba ya ce albasa. Na yi dariya har da ƙwalla. Albasa basal ce, da harafin sadi. Basala da harafin sinun take, ma'anarta jarumta. Na ce masa sojan da ya kasa raba jarumta da kayan miya, kicin za a tura shi.

Ta biyu ma Hausa ce ta yi masa ƙafar ungulu. Fasaha ya ɗauka gwanintar sana'a ce, yadda muke faɗa a gida, alhali a Larabci iya sarrafa harshe ne. Ni dai na fi jin tsoron irin waɗannan kalmomi da ya ga kamar ya sani, don ba ya tsayawa ya dube su sau biyu.

Inda muka fi daɗewa shi ne tanazur, wato a ba ka kalma biyu ka nemo wasu biyun masu alaƙa irin tasu. Saif da gimd. Ya san saif takobi ne, gimd ya yi ta sosa ƙeya. Hajiya tana gefe tana jan carbi, ashe kunnenta na wurinmu. Da na ce kube ne, amsar kuma sahm da kinana, sai ta ce, "To, ai kibiya da kwari ke nan. Kowanne gidan ɗan'uwansa ne." Bayanin da na yi minti goma ina yi, ta gama shi a numfashi ɗaya.

Kafin ya tafi isha'i na rubuta masa kalma 15 na manna a jikin firij. Ɗaya daga ciki, waga, ni ma sai da na faki idonsa na duba a waya. Yaƙi ne.