Taron Ista a gida ba tare da mai girki ta rasa sujada ba

Ista ba kamar Kirsimeti ba ce, ranarta yawo take yi. Ana yin ta ne a Lahadin da ke bin cikar wata na farko daga 21 ga Maris, shi ya sa takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Tun Larabar Toka, farkon azumin da ake yi kafin Ista, nake sanar da dangi ranar taron. Abokai 'yan Otodoks kuma sai na tambaye su, domin da kalandar Juliyan suke lissafi: a 2025 rana ɗaya ce, 20 ga Afrilu, a 2026 kuwa mako guda ne tsakani, 5 da 12 ga Afrilu.

Abin da ya fi ci mini rai a irin wannan taro shi ne ganin uwar gida da 'yan mata a bakin murhu yayin da ake waƙar tashin Almasihu a majami'a. Idin nasu ne su ma. Don haka daga lokacin sujada nake fara lissafi, in dawo baya. Sayayya ta ƙare ranar Alhamis. Juma'a ranar tunawa da gicciye ce, ba na ɗora wa kowa aiki. Asabar da safe a yi yanke-yanke, a dafa duk abin da zai jure kwana, a gama kafin la'asar, domin 'yan Katolika da wasu Angilikan suna da sujadar dare mai tsawo, kuma washegari a gajiye suke tashi.

Nama nakan ƙiyasta giram 250 ga babba in da ƙashi, rabin haka ga yaro, sannan in ƙara na mutum biyu a kan kowane goma, don ranar idi ba a rasa baƙon da ya biyo wani. Inda abinci ke lalacewa shi ne a tura babbar tukunya firji yadda take. Tsakiyarta takan daɗe da ɗumi, a nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, gari ya waye ta yi tsami. A rarraba a kwanuka marasa zurfi, a sa cikin sa'o'i biyu da saukewa, ran Lahadi a ɗumama har ya tafasa.

Ba na ce wa baƙi "bayan coci". Ranar akwai Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Yesu, wani lokaci har da baftisma, ga gaishe-gaishe a bakin ƙofa. Sa'o'i biyu nake ƙarawa a kan lokacin tashi na kullum, in faɗa wa kowa ƙarfe kaza. Yara da tsofaffi, musamman masu ciwon suga, a ba su ɗan abin taɓawa da isowarsu.

Karatu kafin a zuba abinci ake yi. Da zarar cokali ya fara ƙara, hankali ya watse. Luka 24:13-35 nake zaɓa, labarin hanyar Imuwasu, domin a wurin cin abinci ne almajiran nan biyu suka gane Yesu. Mutum uku ke karantawa: mai ba da labari, mai muryar Kiliyobas (ɗaya daga cikin almajiran), da mai faɗin kalmomin Yesu. Minti biyar ya isa, sai babban gida ya yi gajeriyar addu'a. Abokan da ba Kirista ba nakan gaya musu wannan tsari tun wajen gayyata, wanda ya so ya zauna, wanda ya so ya iso bayan an ce amin.