Kofi biyu na mai, kofi ɗaya na soda

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na miƙa wa Hajiya mai shagonmu makullin ɗakin haɗa sabulu, bayan shekara uku da 'yan watanni. Ta karɓa ba ta ko ɗago kai daga wayarta ba, ta ce Allah ya ba da sa'a, na ce amin. Duk wadda ta taɓa aiki a shagunan gyaran jiki na Kano ta san ba a cika rabuwa da kuka ba, don haka ba rabuwar ce ta zaunar da ni rubutu ba. Wata yarinya ce 'yar shekara huɗu, da wani sabulu da na zuba da hannuna a hunturun shekarata ta biyu.

Yadda aka koya mini haka aka koya wa kusan kowa. A jiƙa sodar yin sabulu (kostik soda) tun jiya, a tsoma haidiromita, wato ma'aunin kaurin ruwan sodar, har ta tsaya a 1275, sai kofi biyu na man alayyadi, kofi ɗaya na ruwan soda. A juya, a sa kala da turare, a juye a mazubi. Awon nan bai taɓa ba mu kunya ba, shi ya sa ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Da sanyi ya shigo, mata suka yi ta zuwa neman sabulun masu ekzima. Hajiya kuwa ba ta ganin kasuwa ta kau da kai. Ta sa aka kawo mata bokitin man kaɗe daga Bida, ta ce in ajiye alayyadin in yi da kaɗe zalla. Na ce, "Hajiya, awon fa?" Ta ce, "Ke dai da iyayi. Mai ai mai ne, yi yadda kika saba." Na yi yadda na saba.

Ashe kowane mai da cikinsa. Kilo ɗaya na man alayyadi yana cinye soda kusan giram 175 kafin ya zama sabulu, man kaɗe kuwa wajen giram 128 ya ishe shi. Kofin nan da muke taƙama da shi, daidai cikin alayyadi aka yanka shi. Da na zuba wa kaɗe, sai kusan giram 50 a kowane kilo ya rasa man da zai ci, ya kwanta a cikin sabulun yana jiran fatar mutum.

Ba zan ce ban ga alama ba. Sabulun ya daskare da wuri fiye da kullum, da na zo yanka yana marmashewa a bakin wuƙa, kuma ranar yatsuna sun yi wani irin santsi, washegari suka fara saɓa. Na gani, na yi shiru, don ban son a sake ce mini mai iyayi. Kwana biyar aka naɗe shi a leda aka liƙa masa takarda.

Bayan mako guda uwar yarinyar ta dawo da ita a kafaɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ɗaga rigar kawai ta yi. Bayan gwiwoyi, lanƙwasar hannu, wuya, duk sun tsage suna tsattsafo da ruwa. Ta ce, "Anti, tun ranar farko take ihu in na sa mata, amma kin ce in ya yi zafi aiki yake yi, shi ya sa na daure." Ni na faɗa mata haka. A shagon na tsinci maganar, na maimaita ta ga mutane da yawa ba tare da na taɓa auna ta ba.

Hajiya ta fito, ta dubi yarinyar, ta yi salati, sai ta juyo kaina a gaban matar: "Yaran nan ba kwa jin magana. Sau nawa zan ce ki riƙa aunawa?" Na buɗe baki na rufe. Ƙarshen wata aka yanke rabin albashina. Ragowar sabulun aka gurza aka sayar a matsayin na wanki, kuɗinsa kuma bai biyo ta aljihuna ba. Na yafe rabin albashin tuni. Kalmar "sau nawa" ce har yau ba ta wuce mini ba.

Ni na raka su asibiti, kuma a gaban likitar fata na gane cewa shekara biyu ina sayar da maganin cutar da ban san ta ba. Abin da muke haɗawa mu kira ekzima abu biyu ne. Akwai kyasbi, tabon nan mai haske da ke fitowa a ƙirji da baya da wuya, wanda wani nau'in naman gwari ke kawowa, zafi da gumi ke ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma irin ta yarinyar nan: fata mai bushewa da ƙaiƙayi, wadda sau da yawa tun jarinta take farawa, tana bin gidajen da ake da asma da yawan atishawa, ba a ɗaukarta daga wani, kuma hunturu ne babban abokin gabarta. Sabulun farar wuta da muke ba mai kyasbi, in aka ba mai irin wannan fatar an ƙara mata wuta ne. Likitar ta kuma nuna mini abin da ya fi kashe mini jiki: fatar mutum tana da ɗan tsami, wajen 5 zuwa 5.5 a ma'aunin pH, shi kuwa duk sabulun da aka yi da mai da soda, ko an auna shi daidai, yana tsakanin 9 da 10, wato ɓangaren soda, kishiyar tsami. Wato babu sabulun da ke warkar da wannan cuta. Iyakar alherin da zai yi mata shi ne ya wanke dauɗa ya tafi bai ƙara ɓarna ba. Aikin yana wajen wanka gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba dirza da soso, a shafe jiki da man kaɗe ko basilin tun fata na da danshi, sai maganin da likita ya rubuta.

Da ragowar albashin na shiga Sabon Gari na sayi ƙaramin sikeli mai nuna giram. Daga ranar ban sake taɓa kofi ba. Nakan rage sodar yadda kashi 7 ko 8 cikin ɗari na man zai rage bai zama sabulu ba. Alayyadi ba ya kai kashi ɗaya cikin biyar, don shi ke kawo kumfa kuma shi ke kwashe maiƙon fata, sauran kaɗe ne da zaitun. Ba turare, ba kala, ba lemun tsami. Sannan ya sha iska mako huɗu zuwa shida.

A nan muka yi ta sa-in-sa da Hajiya, kuma ba duka maganarta ce banza ba. Macen Kano in ta ɗauki sabulu hanci take fara kai shi, in babu ƙamshi ta ajiye. In ta je gida bai yi kumfa ba ta ce an cuce ta. Kayan da zai kwanta mako shida a kanta kuwa jari ne ke barci. Ta bar ni ina yin nawa kaɗan-kaɗan a gefe, tana kiransa "sabulun asibitinki". Iyayen yaran da ke saye ba su da yawa, amma ba sa dawowa da ƙorafi, ƙari suke dawowa nema.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Tukunyar alminiyum ba ta shiga aikin nan. Ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha, kada ya kwana a gora inda yaro zai kai hannu. Sabulun da soda ta yi wa yawa, ajiya ba ta gyara shi, kuma in kika ɗan taɓa shi da harshe za ki ji kamar kin lashi batir. Sabulun salo ma, don an ce na gargajiya ne ba shi ke nufin mai sanyi ne ba, ruwan toka ne a cikinsa, ita ma toka tana ci.

Abin da ya fitar da ni daga shagon ba sabulu ba ne. Ranar da aka miƙo mini kwalin man shafawa mai sinadarin kilobetasol, wani maganin fata na asibiti mai ƙarfin gaske, aka ce in matse cikin robobin kaɗe a rubuta "na gargajiya zalla", na ce hannuna ba zai yi ba. Na san cikin kwana kaɗan ƙaiƙayi zai lafa a yi ta sa mana albarka, na kuma san yadda yake sirantar da fata, ballantana ta yaro, da yadda ciwon ke dawowa da ƙarfinsa in an daina. Hajiya ta ce shagonta ne. Gaskiyarta.

Sikelin na taho da shi, kuɗina ne. Littafin da nake rubuta awon kowane mai kuwa na bar shi a kan kanta. Shekaranjiya sabuwar yarinyar da aka ɗauka ta turo mini saƙo da dare, wai Hajiya ta ce a tambaye ni giram nawa na soda kaɗe ke ci. Na ce ta duba shafi na uku.