Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Mai Gonar Hirsel

Makon jiya na tsaya a saukata Edinbara, babban birnin Scotland, inda gwamnatin Arewa ta tura ni karatun aikin gona. Ko wata biyu ban yi ba, a Oktoban 1963, Firayim Ministan Birtaniya Macmillan ya kwanta ciwo ya ajiye mulki, aka ɗauko wani dogon siririn mutum, Lord Home, aka ba shi Firayim Minista. Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta gyara mini sunan muna jin ɗumin gawayi. Ta ce "Hyum" ake faɗa, kuma mutumin nasu ne, gonarsa mai suna Hirsel na Coldstream a bakin kogin Tweed.

Shi ne na 14 a sarautar gidansu. Don ya zauna a majalisar wakilai sai ya sauke sarautar, ya koma Sir Alec Douglas-Home, ya je mazaɓar Kinross neman ƙuri'a kamar kowa. Kusan mako biyu yana mulkin Birtaniya ba shi da kujera a kowace majalisa. Ni ɗan gidan dagaci, abin ya ɗaure mini kai. Mutum ya cire rawanin kakanninsa da hannunsa? Amma ya bar rawani, bai bar ƙasa ba. Nan na tuna maganar Baba, Allah ya ji ƙansa: "Mulki rigar aro ce, gona ce taka."

Yaya ma ya ji wannan magana, a zaure ɗaya muka ji ta. Duk da haka a 1976 ya sayar da fadamar Baba don takarar kansila, ban sani ba sai da na ga baƙo yana kafa shinge a gindin mangwaron Inna. Kujerar ta tafi, fadamar ba ta dawo ba. 'Ya'yansa suna karanta wannan, na sani, ban kuwa faɗi ƙarya ba.

Ba na cewa Home gwani ne. Yana tare da Firayim Ministan lokacin, Chamberlain, a Munich a 1938 wurin lallashin Hitler, kuma da bakinsa ya ce da tsinken ashana yake lissafin tattalin arziki. Harold Wilson na jam'iyyar adawa ta Leba ya yi ta yi masa gorin gadon sarauta, ya kuma kayar da shi a Oktoban 1964 da rinjayen kujeru 4 kacal. Abin da ya burge ni shi ne bai yi zuciya ba. Ya sauka daga shugabancin jam'iyyar Conservative a 1965, a 1970 ya karɓi ministan harkokin waje a ƙarƙashin Firayim Minista Heath, wanda dā yake ƙasa da shi. Mutumin da tarin fukan ƙashin baya ya kwantar shekara biyu a cikin filasta ya san haƙuri. Kuma yana da wurin komawa. Rigar aro ce, in ji Baba.

Kafin in dawo gida na hau bas zuwa Coldstream. Hirsel tana hannun gidan su Home tun 1611. Na tsaya bakin shinge ina kallon tumaki da tsofaffin itatuwa, na duƙa na damƙi ƙasar, ja-ja ce mai danshi. A can aka ce yake kamun kifi da gyaran furanni har ya rasu a 1995, yana da shekara 92. A daren nan na rubuta wa Yaya wasiƙa mai shafi uku, na roƙe shi ya kula da fadama kafin in dawo.