Dutsen da Kawu ya ajiye a Obuasi

Tun muna yara a Kumasi ake ce mana Kawu ya yi shekara da shekaru yana aiki a ƙarƙashin ƙasa a Obuasi, ni kuwa a hankalin yarinta na ɗauka gidansa cike yake da zinariya. Sai bana Allah ya nufa na je gaishe shi. Na shiga tirotiro, ƙaramar bas ta haya, da sanyin safiya, muka yi kudu ta Anwiankwanta, tafiyar kamar kilomita 60 cikin gonakin koko da ayaba. Tun ba a shiga gari ba za ka hango tuddai, da doguwar hasumiyar ƙarfe a bakin rami, sai masu tallan lemu da suka yi wa mota caa a tasha.

Na same shi a Zango, zaune a kan tabarma, carbi a hannu. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Kawu, yau dai sai ka nuna mini zinariyar nan." Ya yi dariya har da tari. Ya aiki jikansa ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage mini dutse a tafin hannu. Toka-toka ne, ba kyan gani, sai wasu 'yan siraran allurai masu ƙyalli kamar azurfa a jikinsa. Na juya shi, na sake juyawa. Ya ce, "Ɗan nan, abin da muka yi ta fasawa ke nan. Tana ciki, amma ido ba ya ganinta."

Gaskiya ya faɗa. Zinariyar Obuasi iri biyu ce. Akwai wadda take cikin jijiyoyin farin dutse, ita ake iya gani da ido, ita ce Asante suka daɗe suna haƙa, suna kuma wanke yashin rafi su sami garinta, su auna a sikeli da ƙananan ma'aunan tagulla, don garin zinariya shi ne kuɗinsu. Ɗayar kuwa a kulle take cikin alluran nan na Kawu, ma'adini ne na ƙarfe da kibiritu da asanik, guba ke nan. Duwatsun yankin, waɗanda masana suka raɗa wa suna daga kogin Birim, sun haura shekara biliyan 2. Laka ce ta ƙasan teku da aman duwatsu masu wuta, ƙasa ta matse su har suka tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya biyo tsagar daga can ƙasa ya bar zinariya a ciki. Tsagar ta miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, kuma a kan wannan layin Prestea da Konongo suke. Irin duwatsun nan sun kai har Burkina Faso da Mali da yammacin Nijar.

Da la'asar jikan Kawu ya kai ni kan wani tudu inda ake ganin garin sosai. Sunan ma da harshen Twi yana nufin ƙarƙashin dutse. Ana yawan cewa Bature Edwin Cade ne ya buɗe ramin, amma kafin shi wasu 'yan kasuwa Fante, Joseph Ellis da Joseph Biney da Joseph Brown, su suka fara karɓar filin daga hannun sarakuna. Daga wurinsu ya koma hannun Cade, bayan Turawan Ingila sun kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 aka tabbatar masa da shi, a 1897 ya kafa kamfanin Ashanti Goldfields. Injinan farko a kan 'yan dako suka zo daga bakin teku, ta cikin kurmi, don jirgin ƙasa daga Sekondi bai iso ba sai 1902. Ina tsaye a tudun nan, wuyan 'yan dakon ne ya fi tsaya mini a rai.

Da daddare Kawu ya saki baki. Ya ba ni labarin kejin da ke sauka da su cikin duhu har kunne ya toshe, ramin da zurfinsa ya kai wajen mita 1,500, zafin da ke sa mutum ya matse riga ruwa ya zuba, da baƙin dutse mai santsi kamar bakin fensir wanda ba a amince masa, don shi ke ruftawa. Mutanen arewa sun yi yawa a aikin ƙasa, su suka cika Zangon. Da can gasa dutsen ake yi da wuta don zinariyar ta saki, hayaƙin ya bi iska da gubarsa ya ƙone ciyayin tuddan da ke kusa. A 1994 aka buɗe masana'anta a Sansu inda ƙwayoyin bakteriya ke cinye ma'adinin a manyan tankuna su bar zinariya a fili. Kawu har yau bai gama yarda da wannan ba. Ya ce shi dai ya ga tankunan, bai ga ƙwayoyin ba.

Sauran labarin kowa a garin ya san shi: haɗewar Ashanti Goldfields da kamfanin AngloGold a 2004, tsayar da haƙa da sallamar ma'aikata, 'yan galamse, masu haƙa ba izini, da suka kutsa ramukan a 2016, sannan aka sake narka zinariya a ƙarshen 2019, yanzu da injina da yawa, mutane kaɗan. Samarin Zango da na zauna da su a wurin mai shayi rabin hirarsu ta neman aiki ce, rabi ta ƙwallo.

Da safe da zan tafi na roƙi Kawu ya bar mini dutsen. Ya mayar da shi gwangwaninsa, ya rufe, ya sa aka cika mini leda da lemu, ya ce in gaida mahaifiyata.