Yau na yarda zan tsaya wa ɗan Gwaggo beli

Laraba, bayan isha'i.

Yau babbar kotu ta bada belin ɗan Gwaggo, kuma ni ne ɗaya daga cikin mutum biyun da za su tsaya masa. Na san kafin gobe da hantsi maganar ta zaga garin nan kaf har da ƙari, shi yasa nace bari na rubuta yadda aka yi da hannuna tun ban manta komai ba.

Ga wanda bai san zancen ba, a ƙarshen damina wasu mutane suka shigo cikin dare da bindigogi suka ɗauke ɗan Alhaji mai hatsi, yaro ɗan sakandare, suka yi yamma da shi. Sai da Alhaji ya saida shanu da buhunan masara aka haɗa abin da suka nema sannan suka sako shi, ƙafarsa duk ta farfashe. Bayan an sako yaron ma ba su bar bawan Allahn nan ba, suka ci gaba da kiransa a waya wai ya ƙaro kuɗi in ba haka ba za su dawo su ɗau matarsa, to a wannan karon ne suka bada lambar asusu aka tura wani abu, da 'yan sanda suka bi sawun kuɗin sai ga shi ya sauka a POS ɗin ɗan Gwaggo na bakin kasuwa. Shi dai abin da yake faɗa tun ranar farko bai canza ba, wani baƙo ne ya zo ranar kasuwa yace ɗan'uwansa zai turo masa kuɗin awaki, kuɗi suka shigo ya ciri cajinsa ya miƙa masa sauran. Wata bakwai kenan yana tsare.

Da asuba muka fita ni da Gwaggo da ƙaninsa. Motar farko da ke tashi daga Gwarzo muka samu, hanya sai ƙura, muka wuce Kabo da Rimin Gado, a Janguza aka ɗan tsayar da mu sannan muka sauka Kabuga muka hau adaidaita. Gwaggo ba ta ce uffan ba duk tafiyar, carbi kawai take ja, ta riƙe ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki da ta yi masa a cinya. Matar nan tun da mijinta ya rasu da ƙosai ta riƙe yaran nan, ni na koyar da wannan ɗin tun daga aji uku har ya gama firamare, har yau in ya ganni sai ya durƙusa.

Lauyan da ke riƙe da shari'ar matashi ne, kuma Allah ya saka masa da alheri don ya zaunar da mu a benci ya yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan, abin da babu wanda ya taɓa yi mana tun da aka fara. Yace dalilin da ya sa aka daɗe shi ne kotun majistare da aka fara kai shi ba ta da hurumin sauraron laifi mai nauyi irin wannan, iyakarta ta ce a ajiye mutum a gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya tafi can a duba a ga ko akwai hujjar da za a gurfanar da shi a babbar kotu, to a wannan jiran ne mutane ke shafe watanni wasu har shekaru. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukuncin komai ba. Yace kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar, sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu in da nisa. Sai dai garkuwa ba ƙaramin laifi ba ne a dokar Kano, ɗaurin rai da rai ne, in kuma wanda aka sace ya rasa ransa to maganar kisa ake yi, shi kuwa laifin da hukuncinsa kisa ne ba a bada belinsa sai alƙalin babbar kotu ya ga wani dalili na musamman kamar ciwo mai tsanani ko jinkirin da ya wuce shekara. Wannan tsarin yana cikin dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, Kano ma ta yi nata a 2019. Tunda ɗan Alhaji ya dawo da ransa, alƙali yana da damar ya bayar ko ya hana, ya danganta da abin da ya gani a takardu.

Wajen ƙarfe goma aka shigo da su da ankwa. Wallahi da kyar na gane shi, yaron da yake da ƙiba ya zama wani siriri, wuyansa duk ƙuraje. Da ya hango uwarsa sai ya sunkuyar da kai. Tuhuma uku aka karanta a zaman baya, haɗa baki da garkuwa da mutum da karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa, duk ya musa, yau hukuncin neman beli kawai za a yanke. Lauyar gwamnati ta riga ta shigar da takardar ƙin amincewa, hujjarta ita ce laifin babba ne, sauran waɗanda ake nema ba a kama su ba, kuma garinsu ɗaya da shaidu zai iya tsorata su. Gaskiya da na ji an maimaita wannan ban ji haushinta ba ko kaɗan, aikinta take yi, kuma duk wanda ya ga idon Alhaji a kwanakin da yaronsa ke daji ya san tsoron nan ba ƙirƙira ba ne.

Mai shari'a ya daɗe yana karatu da Turanci, tafinta yana juya wa yaron. Abin da na tsinta shi ne ba a taɓa kama shi da wani laifi ba, yana da mazauni sananne, shi da kansa ya je wajen 'yan sanda da aka aiko kiransa, kuma an gama bincike a kansa. Sai ya bada beli a kan naira miliyan biyu da mutum biyu masu tsaya masa, ɗaya ma'aikacin gwamnati da bai gaza mataki na 12 ba, ɗaya mai riƙe da sarauta a garinsu ko mai gida da takardarsa, sannan kar ya kusanci gidan mai ƙara ko wani shaida, kar ya bar jihar ba da izinin kotu ba. Gwaggo da ta ji miliyan biyu sai ta fashe da kuka tana cewa ina za ta samo, sai da lauya ya fito ya ce mata, Inna ba kuɗi za ki ajiye ba, alkawari ne a rubuce, in ya gudu ne waɗanda suka tsaya masa za su biya ko su ma a ɗaure su.

To nan fa kallo ya dawo kaina. A duk danginsu babu ma'aikaci mai wannan matakin, ni kaɗai ne a layinmu, hedimasta mai shekara ashirin da wani abu a bakin aiki. Gwaggo ta juyo tace, Malam kai ne ubansa yanzu, in ka ƙi ba zan ga laifinka ba. Na ce ta bani minti kaɗan, na fita na yi alwala na yi azahar a masallacin harabar, na zauna ina lissafi. Miliyan biyu ta fi ƙarfin albashina na shekara in an cire abin da ake cirewa. In yaron nan ya tsallaka Nijar ta Maigatari ko ya ɓace a Legas, gidana da gonata ne a kan layi, ga 'ya'yana mata biyu da ke gab da aure. Kuma ban ga zuciyarsa ba, ban kasance a bakin kasuwa ranar da kuɗin suka shigo ba, ba zan iya rantsuwa cewa bai san komai ba. Amma abin da kotu ke nema a wurina ba wannan ba ne, ba ta ce na rantse ba shi da laifi ba, cewa ta yi na ɗau nauyin kawo shi duk ranar da aka kira shari'a. Wannan kam zan iya, don na san ba zai bar tsohuwar nan ta shiga uku ba. Na dawo nace wa lauya ya kawo takardu.

Ashe aikin yanzu ya fara. Fasfo biyu, katin ɗan ƙasa, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardar albashi, wasiƙa daga ofishinmu na ilimi da ke nuna har yanzu ina aiki, sai takardar rantsuwa a gaban rajistara, sannan ma'aikacin kotu zai zo har gida ya ga inda nake zaune da idonsa. Mai unguwa ya amsa a waya cewa zai tsaya a na biyu amma sai ya sanar da dagaci tukunna. Don haka yau bai fito ba, an mayar da shi a motar gandirobobi, ƙullin Gwaggo dai an karɓa bayan an bincika. A bakin ƙofa wasu mutane biyu suka tare ni wai sana'arsu tsayawa beli, in na ba su wani abu za su kawo takardar fili a gama yau, nace musu Allah ya kiyaye. Irin waɗannan ne ke sa mutane su daina yarda da beli gaba ɗaya, mutum ya tsaya wa wanda bai taɓa gani ba, in ya gudu a je adireshi a tarar da kango.

A mota muna dawowa aka ɗauko zancen, ba su san mu ne ba. Wani dattijo yace shi a ganinsa duk wanda aka kama da garkuwa a harbe shi kawai, wane irin beli. Ban yi masa musu ba don na san inda maganar ta fito. Mutanen Kano ba su manta da Hanifa ba, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu Abdulmalik Tanko ya sace a ƙarshen 2021 ya nemi naira miliyan 6 ya kuma kashe ta, har kotu ta yanke masa hukuncin rataya a watan Yulin 2022. Ba su manta da yaran Kano da aka sace aka gano su a Anambra a 2019 ba. Ga mu nan kuma a bakin iyakar Katsina, kowa na kwana da kunne ɗaya. Amma ko a shari'ar Hanifa ai sai da aka kawo shaidu aka baje hujja sannan aka yanke hukunci, kuma haka addininmu ya koyar, hujja tana kan mai ƙara. Yau duk mai POS da mai achaba da mai cajin waya a ƙauye yana iya wayar gari lambarsa ta fito a cikin bincike, wasu da hannunsu dumu-dumu, don masu kai rahoto a cikinmu suke, wasu kuwa tsautsayi ne da rashin tambayar baƙo katin shaida. In ba a tsaya an tantance ba, na gaskiyan su ruɓe a tsare, manyan da ke daji kuma ko a jikinsu.

Abin da ya fi min nauyi shi ne Alhaji, don haka bayan magariba ban shiga gida ba na wuce wurinsa, gara ya ji daga bakina. Na same shi a zaure a kan tabarma, muka gaisa nace, Alhaji na zo ne na faɗa maka da kaina, an bada belin yaron nan kuma ni zan tsaya masa. Ya yi shiru ya daɗe. Sannan yace, Malam kai ka koyar da nawa ɗan ma, ka san har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida da dare sai ya shige ƙarƙashin gado? Nace na sani Alhaji, kuma wallahi ba don na raina abin da aka yi muku ba ne. Na faɗa masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, nace shari'a tana nan ba a kore ta ba, za a kira shi ya bada shaida, in aka tabbatar yaron na da hannu ni da kaina ba zan nema masa sassauci ba, in kuma ya ga ko giftawa ya yi ta layinsu ko wata baƙuwar lamba ta kira shi, ya faɗa min ya faɗa wa lauyar gwamnati, kotu na iya soke belin a mayar da shi. Yace shi abin da ke cinsa waɗanda suka riƙe bindiga a kan ɗansa har yau ba a kama ko ɗaya ba. Ban da amsar wannan. Bai ce ya yarda ba, bai kuma kore ni ba, da zan tashi ya ce a gaida gida.

Maman yara ba ta ji daɗi ba, tace me zai sa na jefa mu cikin abin da ba namu ba, mutane za su ce muna goyon bayan ɓarayi. Na zaunar da ita na yi mata bayani kamar yadda lauya ya yi mana, ta ɗan sauko amma ta kafa sharaɗi, in ya fito ya ajiye POS ɗin nan sai an gama shari'a, ya koma gona tare da ƙaninsa, kuma duk ranar zaman kotu a mota ɗaya za mu tafi da shi. Na ga maganarta gaskiya ce, zan faɗa wa Gwaggo da safe. Gobe kafin na shiga makaranta sai na biya ta ofishin ilimi na karɓi wasiƙa, daga nan mu je wurin dagaci ni da mai unguwa, don lauya yace in takardu suka cika ma'aikacin kotu zai iya zuwa ganin gida ranar Litinin.