Na shiga hira da amsa a aljihu

Ƙannena masu shirin rubuta kundin digiri, musamman waɗanda za su bi hanyar finominoloji, ga abin da ya same ni, ko kwa tsira daga irinsa.

Aikina a kan masu wankin ƙoda ne. Mutum ya kwanta jone da na'ura kusan awa huɗu, sau uku a mako, ni kuma ina son sanin yadda wannan rayuwa take a wurin mai yin ta. Finominoloji ke nan a taƙaice: ba ruwanta da musabbabin cuta ko yawan masu ita, abin da take bi shi ne yadda al'amari ke bayyana ga wanda ya same shi. Edmund Husserl, masanin falsafar nan na Jamus da ya rasu a 1938, shi ya kafa ta, da kiran a koma ga abubuwan su kansu. Na haddace wannan tsaf, har na zuba shi a babi na uku. Amma tun kafin in ga majinyaci ko ɗaya na riga na yanke cewa tsoron mutuwa ne ke cin ransu.

Hirata ta farko da wani dattijo ce. Na ce, "Baba, me kake gani game da wannan ciwo?" Ya ba ni amsar da zai ba duk wanda ya zo dubiya: sai haƙuri, likitoci suna ƙoƙari. Mutum bakwai na zauna da su, amsar kusan ɗaya. Laifin tambayar ne. In ka nemi ra'ayi, ra'ayi za a miƙo maka, gogagge, wanda aka sha faɗa.

Wata baiwar Allah ce ta farkar da ni, bayan ma na kashe rikoda ina haɗa takarduna. Ta ce, "Ɗana, ka san abin da idona ke fara sauka a kai in na shiga ɗakin mutane? Kofin ruwa." An ƙayyade mata abin da za ta sha a yini, tunda ƙodar ba ta fitar da shi. Ta ce ƙanƙara take tsotsa don ta yaudari maƙogwaro, kuma in jikanta ya ɗaga kofi ya shanye a tashi ɗaya, sai ta kau da kai. Ƙishirwa! Babu ita ko a layi ɗaya na jerin tambayoyina. Daga ranar na koma cewa, "Mama, ba ni labarin ranar wankinki ta ƙarshe, tun daga lokacin da kika farka." Sai bayani ya riƙa zuwa da kansa: sanyin ɗakin, ƙarar na'urar, yadda mako ya rabu gida biyu, ranar wanki da ranar jiran wanki.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Da na zauna sauraron hirarrakin farko, muryata na fi ji. Mutum ya yi shiru yana lalubo kalma, ni kuma shirun ya dame ni, sai in tare shi: "Wato kana jin tsoro ke nan?" Ya ce, "E, haka ne." Kalmar tawa ce, na sa masa ita a baki, sannan na ƙirga ta a matsayin abin da na gano. Dole na ajiye waɗannan hirarraki gefe. Ku bar shiru ya yi aikinsa, in ya zama dole ku yi magana, "sai me ya faru?" ta isa.

Husserl ya ce mai nazari ya jingine abin da ya riga ya ɗauka. Martin Heidegger, shi ma masanin falsafa na Jamus, a littafinsa na 1927, ya nuna cewa mutum ba ya iya tuɓe fahimtarsa kamar riga, da ita yake fassara komai. Hanyoyin binciken ma sun rabu a kan haka: ta Amedeo Giorgi tana tsayawa kan bayyanawa, ta Jonathan Smith da ta fito a 1996 tana karɓar fassara a fili. Ni na cakuɗa su, na yi iƙirarin jinginewa a wani shafi, na yi ta fassara a na gaba, mai jarrabawa kuwa bai bar ni na sha ruwa ba. Ku zaɓi ɗaya. Ko wacce kuka ɗauka, ku sami littafi ku rubuta duk abin da kuke zato kafin hirar farko. Da na yi haka, da na ga "tsoron mutuwa" da rubutun hannuna, na gane shi lokacin da ya kutso cikin tambayoyina.

Batun yawa kuma, mutum talatin na yi niyya, don a ganina yawa shi ne ƙarfi. Hirar awa ɗaya sai ta cinye mini yini wajen juyar da ita rubutu, kafin a zo ga karantawa layi-layi. Smith da abokan aikinsa sun ba ɗalibai shawarar mutum uku zuwa shida a 2009. Da takwas na ƙare, kuma da kyar na iya yi musu adalci.

Na koma wurin dattijon nan da sabuwar tambayar. Ya yi minti arba'in yana magana, mafi yawanta a kan hannunsa na hagu, wanda aka yi wa aikin jijiya don wankin, da yadda ya daina kwanciya a kansa.