Kumburin cikin kare ba irin na rago ba ne

Da shanu da tumaki na fara aikin dabbobi, don haka na ɗauka na san kumburin ciki ciki da bai. Rago ya cika tumbi da ɗanyen ganyen wake, gefen hagu ya tashi, a ɗura masa man gyaɗa, a zagaya da shi, sau da yawa ya yi gyatsa a wuce wurin. Da wannan sanin na koma wani asibitin dabbobi a birni, inda ake yawan kawo karnukan gadi.

Wata rana bayan isha'i wani maigadi ya kira ni. Ya ce, "Likita, karen nan sai yunƙurin amai yake yi, ba abin da ke fitowa sai kumfa. Ya kasa zaune ya kasa tsaye." German Shepherd ne, ɗan shekara 7. Na tambayi abin da ya ci, ya ce tun safe bai sa komai a baki ba, sai da magariba aka cika masa kwano ya cinye a tsaye, ya bi da ruwa. Na ce a bar shi ya huta, a kawo shi da safe. Kafin asuba ya mutu.

Har yau ina jin nauyin amsar nan tawa. Washegari da babban likitanmu ya buɗe gawar, ya kira ni na gani da idona: tumbin ya cika da iska, ya murɗe kamar an murɗe bakin buhu, ya ja saifa ta bi shi, wani ɓangarensa ya yi baƙi ƙirin. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Kalli nan da kyau. Ƙofar shiga a rufe, ta fita a rufe. Ta ina iskar za ta bi?"

Abin da ke kashe karen ke nan. Tumbin da ya murɗe yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, jini ya ragu, naman tumbin ya fara mutuwa, duk cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa ɗura mai ko jiƙon kanwa ba ya amfanar komai, sai ma ya sarƙe shi.

Karnuka masu zurfin ƙirji ne abin ya fi kamawa, irin su Great Dane, Saint Bernard, Doberman da German Shepherd, kuma haɗarin na ƙaruwa da shekaru. Binciken da Larry Glickman ya jagoranta a Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda ya fito a 2000, ya nuna haɗarin ya fi yawa ga karen da uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ya taɓa yi. Ya kuma gano cewa ɗaga kwanon abinci sama, da aka daɗe ana cewa kariya ce, yana tare da ƙarin haɗari.

Yanzu in aka kira ni, tambayata ta farko ita ce: yana kakarin amai babu abin da ke fita? Sai in ce a ƙwanƙwasa cikin da yatsa bayan haƙarƙari, a ji ko yana ƙara kamar ganga. A ɗaga leɓe a duba dasashi: ja ne, ko ya koma fari-fari? Kakarin nan kaɗai ya ishe ni in ce a taho yanzu, ko da ciki bai nuna ba, domin a babban kare haƙarƙari kan ɓoye kumburin.

In sun iso, ƙarin ruwa ta jijiya ne farko, sannan a rage iskar da bututu ta baki ko da allura ta gefen ciki, a ɗauki hoto, a shiga tiyata. A warware tumbin, a ɗinke shi jikin bangon ciki ta dama. Ɗinkin nan ba na yarda a tsallake shi don ragin kuɗi, domin in babu shi, yawanci sai tumbin ya sake murɗewa.

Masu gida kuwa, roƙona gare su ba ya sauyawa: a raba abincin sau 2 ko 3 a yini, kada a saki kare ya yi ta guje-guje da cikakken ciki. Ina kuma neman a haɗa ni da maigadi, tunda shi ke kwana da karen. Nakan sa masa lambata a wayarsa da hannuna, in ce, "Baba, ko ƙarfe 2 na dare ne ka ga haka, kira ni, kada ka jira maigida ya tashi."